Jatan lande, dalma da fiya-fiya: ina gubar take shiga, kuma wa take kamawa?

Shin gaskiya ne jatan landen da muke dakawa mu zuba a miya yana ɗauke da guba? Tambayar ta daɗe tana zagayawa a wayoyin mutane, galibi ta saƙon murya da ake turawa daga wannan zauren WhatsApp zuwa wancan. Wai masana sun yanka jatan lande sun tarar ƙarfe da maganin ƙwari sun cinye masa hanta, saboda haka duk mai cinsa ciwon ƙoda yake saye da kuɗinsa. A nan Sakkwato akwai uwayen gida da suka cire shi daga cefane kan wannan magana. Akwai kuma masu cewa, shekara nawa ana zuba shi a miyar kuɓewa da dafa-duka, wa aka taɓa gani ya faɗi?

Binciken da ake magana a kai akwai shi, kuma ba ɗaya ba ne ba biyu ba. An daɗe ana yin irinsa a ƙasashen da ke kama jatan lande da masu kiwonsa. Sai dai mafi yawansa lafiyar ita halittar yake dubawa, wato abin da guba ke yi wa namanta tana raye cikin ruwa. Abin da ke isowa tukunyarmu tambaya ce daban. Akwai kuma tambaya ta uku, ta abin da ake yayyafa masa bayan ya mutu ya bushe, kuma a ganina ita ce ta fi kusa da wuyanmu.

Jatan lande ya fi kusa da fara bisa ga kifi

Abin da 'yan kasuwa ke kira kirefish, wanda ake aunawa a gwangwani ko a ƙulla a leda, ƙananan jatan lande ne da ake kamawa a bakin teku da mashigar koguna a kudancin ƙasar nan. Oron ta jihar Akwa Ibom ita ce kasuwarsa da ta fi suna, sai Kalaba da garuruwan masunta na Ribas da Bayelsa. Can ake kyafe shi, a busar, a ɗura a buhu, ya yi tafiyar fiye da kilomita dubu kafin ya sauka Sakkwato.

Ko da yake cikin ruwa yake rayuwa, a lissafin masana halittu dangin ƙwari ne. Ƙashinsa a waje yake, jikinsa gaɓa-gaɓa, ƙafafu birjik, kuma ba ya girma sai ya yi saɓa ya yar da tsohon ɓawo. Basakkwacen da ya saba ɓalle ƙafar soyayyar fara ba ya buƙatar dogon bayani a nan. Wannan dangantaka ita ce musibarsa. Maganin da aka haɗa domin ya tsayar da jijiyoyin ƙwaro a gona, idan ya gangara ruwa, jijiyoyi masu kama da waɗancan yake tararwa a jikin jatan lande. Ɗan abin da bai isa ya kashe tarwaɗa ba yana iya share shi daga wuri.

Sannan ga mazauninsa. Yawancin irinsa a ƙasan ruwa suke kiwo, suna tonon laka suna cin ruɓaɓɓen abin da ya nutse. Ƙarfen da ya shiga ruwa kuwa ba ya daɗewa yana yawo a sama, mannewa yake da ƙurar laka ya kwanta ƙasa. Shi ya sa masu bincike ke ɗaukar jatan lande da kaguwa da dodon koɗi a matsayin ma'aunin lafiyar ruwa. Ruwan da aka ɗebo yau labarin yau kaɗai zai ba ka. Naman halittar da ta yi watanni a wurin yana riƙe da labarin watannin.

Guba iri biyu da ake haɗawa a magana ɗaya

Saƙonnin waya kan ce «ƙarfe da maganin ƙwari» kamar abu guda ne. Halinsu ya sha bamban.

Idan an ce ƙarfe mai guba, ba gutsuren ƙusa ake nufi ba. Ana nufin dalma, da zaiba, da kadmiyam, da kuromiyam, da asanik, a narke cikin ruwa ko a manne da laka yadda ido ba ya gani. Suna fitowa daga haƙar ma'adinai, da tsofaffin baturan mota da ake fasawa, da fenti, da ruwan masana'antu, da ɗanyen mai da ya malala, har da wani takin zamani da ake yi da dutsen fosfet, wanda kan zo da ɗan kadmiyam. Babban halinsu shi ne ba sa ruɓewa. Tafasa ba ta kashe su, suya ba ta ƙone su, domin ba ƙwayoyin cuta ba ne. Kadmiyam da ya shiga ƙodar mutum yakan ɗauki shekara 10 zuwa 30 kafin rabinsa ya fita. Game da dalma kuwa, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadi nata a jinin yaro da za a kira marar illa.

Ba kowane ƙarfe ne abokin gaba ba. Jinin jatan lande da jan ƙarfe yake ɗaukar iska, shi ya sa yake da shuɗi-shuɗi maimakon ja irin namu. Don haka idan wani ya ce an gwada an sami jan ƙarfe a jikinsa, bai faɗi wani abin tashin hankali ba tukuna. Sai an ji nawa.

Maganin ƙwari shi ma kashi biyu ne. Akwai tsofaffin, irin su DDT da gamalin, masu naci, waɗanda ke shiga kitse su zauna shekaru. Yarjejeniyar ƙasashen duniya ta Stockholm kan guba masu naci ta sa sinadarin da ke cikin gamalin a jerin haramtattu a 2009, kuma a 2015 hukumar binciken cutar daji ta duniya ta sa shi cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo daji ga ɗan Adam. Akwai kuma na yanzu, waɗanda ke cike da shagunan kayan noma: fiya-fiya da ake rubuta DDVP a jikin kwalbarsa, da saifametirin, da dangoginsu. Waɗannan sun fi saurin lalacewa a rana da ruwa, amma kafin su lalace bugunsu mai tsanani ne.

Abin da ake gani idan an yanka

Ɗauki jatan lande babba guda daga cikin gwangwanin cefane, ka karya shi daidai inda kai ya haɗu da jiki. Ɓangaren wutsiya nama ne fari-fari mai ɗan ja. Cikin kan kuwa za ka ga wani gari-gari mai duhu, ruwan ƙasa, wanda ke murƙushewa a yatsa, kuma daga nan ƙamshin ya fi fitowa. Abin da muke kira kai, a gaskiya kai ne da ƙirji a haɗe, kuma cikinsa tumbi yake, da zuciya, da sassan numfashi, da wata gaɓa guda mai yin aikin hanta da na narkar da abinci gaba ɗaya. Bari mu kira ta hanta don sauƙi. Wurare biyu masu bincike suka fi zuba wa ido: hantar nan da sassan numfashi.

Yadda ake yi shi ne a yanki naman siriri ƙwarai, a rina shi, a duba a na'urar ƙara girman abu. Hantar lafiyayyen jatan lande tarin ƙananan bututu ce a jere, kowanne da rami mai siffar tauraro a tsakiya, bangonsa cike da ɗigon mai da ya tara. A wanda ya zauna cikin ruwa mai kadmiyam ko dalma ko maganin feshi, ana ganin ramukan sun buɗe sun rasa siffa, bangon yana saɓulewa yana zubowa ciki, man da aka tara ya ƙare, wasu wuraren sun mutu fayau. Ƙwayoyin jini kan taru su kewaye inda ya lalace, wurin ya yi baƙi.

Sassan numfashi su ne ke fara karɓar bugu, domin fatarsu siririya ce kuma ruwa na ratsa su dare da rana. Sukan kumbura, siraran ganyayyakinsu su manne da juna, wani lokaci su baƙanta. Ba numfashi kaɗai suke yi ba, su ne ke daidaita gishirin jiki. Da sun lalace, halittar na cikin ruwa amma iska ba ta isarta, gishirin jininta kuma ya rikice.

Jikin ba ya miƙa wuya haka kawai. Hantar na ƙera wani sinadari mai kama ƙarfe ya ɗaure shi, ta ajiye shi a dunƙule inda ba zai yi ɓarna ba. Dabara ce mai kyau ga jatan lande, amma ma'anarta ita ce hantar ta zama ma'ajiyar guba. Ranar da abin ya fi ƙarfin ma'ajiyar, sai ɓarna ta bazu.

Fiya-fiya da danginsa ta wata hanya suke bi. Duk lokacin da jijiya ta aika saƙo ga tsoka, akwai sinadarin da ke zuwa ya goge saƙon don tsokar ta huta. Shi maganin ke toshewa. Saƙo ya yi ta bugawa ba tsayawa, halittar ta yi ta zabura tana juyi ba kan gado, daga nan ta sandare. Mafi munin lokaci shi ne bayan saɓa, sa'ad da sabon ɓawo bai yi tauri ba kuma jiki na zuƙar ruwa don ya buɗe.

Abin da ya fi damun masu kiwo a ƙasashe irin su Indiya da Biyetnam da Ekwado ba mutuwar farat ɗaya ba ce. Gubar da ba ta kai ta kashe ba ita ce ke rage ci, ta tsayar da girma, ta raunana garkuwar jiki, sai cutar da da ba ta isa komai ba ta zo ta kwashe tafki guda. Kuma sau da yawa ƙarfe da maganin ƙwari tare suke zuwa, hantar da ke fama da ɗaya ba ta da ƙarfin warware ɗayan.

Daga hantarsa zuwa tukunyarmu

To, nawa ke iso mu? Akwai abin da ke ƙara damuwa, akwai mai rage ta.

Tarayyar Turai ta kayyade cewa kadmiyam a jatan lande kada ya wuce miligiram 0.5 a kowane kilo, haka dalma, haka zaiba. Amma dokar ta fayyace cewa naman jiki ake aunawa, ban da kai. Dalili shi ne yawancinsu ɓare shi suke su yar da kan. A Sifaniya, inda ake da al'adar tsotse kan, hukumar kula da lafiyar abinci ta ba da shawara tun 2011 a rage yin haka saboda kadmiyam. Mu kuwa gaba ɗaya muke jefa shi a turmi, kai da ɓawo da ƙafa. Wasu ma garin kawuna zalla ake sayar musu da araha. Ga kuma busarwa: kusan kashi uku cikin huɗu na ɗanyen jatan lande ruwa ne, idan ruwan ya tafi ƙarfen na nan, don haka kilo guda na busasshe ya tara abin da ke cikin kilo uku ko huɗu na ɗanye.

Wannan ke nan. Amma wa ke cin kilo? Cokali biyu ko uku ake zubawa a tukunyar mutum goma. Guba da yawan abin da aka ci take aiki, da kuma yawan maimaitawa. Wanda ke cin shinkafa ko ganyen da aka noma a gurɓatacciyar ƙasa kullum, ko yake shan ruwan rijiya mai dalma, ya fi mai ɗanɗana jatan lande a miya shiga haɗari nesa ba kusa ba. Ciwon nan na Itai-itai da ya karya ƙasusuwan mata a yankin Toyama na Japan, kadmiyam ne daga mahaƙa ya bi kogin Jinzu ya shiga gonakin shinkafa. Abincin yau da kullum ne ya kai shi jiki.

Batun zaiba ma yana da nasa tsari. Ita taruwa take daga ƙarami zuwa babba: ƙaramin kifi ya ci ƙwarin ruwa, babba ya ci ƙarami, kowane mataki tana ninkuwa. Jatan lande na can ƙasan tsani kuma ba ya daɗewa a duniya, shi ya sa hukumar abinci ta Amurka ke lissafa shi cikin abincin ruwa masu ƙarancin zaiba, har ga mai juna biyu. Idan ruwa ya gurɓata da zaiba, tsohon giwan ruwa da ya shekara yana haɗiye kifaye shi ne abin tsoro. Asanik kuma, wanda kan fito da yawa a gwajin halittun teku har ya tsorata mai karatu, mafi yawansa wani nau'i ne da jiki ke fitarwa ta fitsari ba tare da ya yi illa ba.

Wannan bai wanke ruwan kudu ba. Rahoton da hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar kan ƙasar Ogoni a 2011 ya nuna yadda malalar mai ta kashe dazukan bakin ruwa inda kifi da jatan lande ke hayayyafa. Mai saye a Sakkwato ba shi da hanyar sanin daga wane rafi buhun ya fito, domin ba a rubuta komai a jikinsa. Duk da haka, idan aka auna, cire jatan lande daga miyar yaron da ba ya samun nama sai jefi-jefi asara ce tabbatacciya don gudun haɗarin da bai kai ta ba.

Gubar da ba daga ruwa ta zo ba

Busasshen kifi da jatan lande suna da abokan gaba: ƙudan da ke yi musu ƙwai tun suna da danshi, da wani ƙwaro mai tsutsa mai gashi da ke cinye nama ya bar ɓawo da gari. Ɗan kasuwan da ya zuba jarinsa a buhu ashirin yana kallon dukiyarsa tana zama ƙura. Sai wani ya ce masa ga magani. A tsarma fiya-fiya da ruwa, a yayyafa wa buhu ko kwali, a rufe.

Ba sabon abu ba ne, kuma ba kifi kaɗai ba. A watan Yunin 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen wake daga Najeriya saboda wannan sinadarin na DDVP. Iyakar da suka yarda da ita miligiram 0.01 ce a kilo, an kuwa sami waken da ya kai 4.6. Waken da Turai ta ƙi, irinsa ne muke ci. A 2019 hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, NAFDAC, ta hana sayar da ƙananan kwalaben Sniper da makamantansa a kasuwanni da kantuna, ta ce na gona ne, a shagon kayan noma kaɗai za a same shi. Duk mai shiga kasuwa ya san inda dokar ta tsaya.

Bambancin wannan da gubar ruwa a bayyane yake. Wadda jatan lande ya tsotsa yana raye kaɗan-kaɗan ce, ta ratsa ruwa mai yawa kafin ta same shi. Wannan kuwa kai tsaye aka zuba ta a kan abinci, da hannun wanda ba ya aunawa, wataƙila kwana biyu kafin a saya. Gaskiya ne DDVP yana tashi a iska yana raguwa da kwanaki, kuma wanki da dahuwa suna rage shi. Amma wanda ya yayyafa bai rubuta ranar ba, kuma jatan lande na cikin abubuwan da mata da yawa ba sa wankewa kafin daka, don kada ya jiƙe ya ƙi dakuwa.

Wani dattijo mai sayar da banda ya taɓa ce mini, «Malam, wallahi ni ba na sawa. Amma kayan nan hannu nawa suka bi kafin su zo gare ni? Kuma in ka ga tsutsa ɗaya a kifina, gobe wurin maƙwabcina za ka.» Maganarsa ta ƙarshe ta fi sauran nauyi. Mu masu saye muna hukunta wanda kifinsa ke da alamar ƙwaro, mu saka wa wanda nasa ke sheƙi ko ƙuda ba ya sauka.

Namu ruwan: Rima, Goronyo da fadamu

A Sakkwato ba mu da teku, amma darasin jatan lande ya shafe mu ta wata fuska. Gulbin Rima da tafkin Kware da madatsar Goronyo da ta Lugu cike suke da danginsa ƙanana, wasu ido ba ya ganinsu sai an ɗebi ruwa a kwalba an ɗaga wa rana. Su ne abincin 'ya'yan karfasa da tarwaɗa da ƙurungu a makonninsu na farko.

Je ka fadamar Kwalkwalawa ko ta Wurno da rani da hantsi. Yaro ya gama feshin albasa ko tumatir, famfon na goye a bayansa, ba takalmi ba abin rufe hanci. Ya gangara bakin ruwa, ya kwance murfin, ya ɗebi ruwa ya girgiza, ya tuttular da farin ruwan nan mai kama da madara a inda ya ɗebo. Ya jefar da kwalbar a gefe. Ƙasa kaɗan wani na jefa birgi, wata na wanke kwanoni. Ba mugunta ba ce, ba wanda ya taɓa gaya masa cewa ragowar da ke gindin famfon ta isa ta kashe ƙananan halittun wannan lungun ruwan.

Abin da ke biyo baya an gan shi a wani wuri. A tafkin Shinji na Japan, manoman shinkafa na kewaye sun fara amfani da wani sabon maganin ƙwari a 1993. Kifi bai taso matacce ba, ba wanda ya ga abin tashin hankali. Ƙananan halittun da kifin ke ci ne suka ɓace. Binciken da aka wallafa a 2019 ya nuna kamun wani ƙaramin kifi na tafkin ya faɗo daga kimanin tan 240 a shekara zuwa 22. Yunwa ce ta kashe shi. Irin wannan maganin, imidakulofirid, ana sayar da shi a shagunanmu, har a cikin garin da ake cuɗa iri da shi kafin shuka. Idan masunta sun ce kifi ya ja baya, akan ɗora wa madatsun ruwa da cikewar gulbi da yashi da raga mai ƙananan ido, kuma duk suna da hannu. Feshi ne ba a cika sa shi a lissafi ba.

Sai masu zuba gamalin a ruwa da gangan don kifi ya taso. Dokar kamun kifi ta cikin ƙasa ta 1992 ta haramta kama kifi da guba ko nakiya, kuma tun kafin ta sarakunan ruwa na hana wannan. A Argungu an san yadda ake tsare Matan Fada har ranar biki. Inda ikon Sarkin Ruwa ya yi rauni kuma jami'in gwamnati ba ya zuwa, nan abin ke faruwa.

Batun dalma kuwa yana son a yi shi da hankali, don mutane na cakuɗa shi. Bala'in Zamfara na 2010, wanda ƙungiyar likitoci ta MSF ta bankaɗo, ya kashe yara aƙalla 400 a ƙauyuka irin su Dareta da Abare da 'Yargalma da Bagega, a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum. Ba ta kifi dalmar ta shiga ba. Duwatsun zinariya ake niƙawa a cikin gidaje, ƙurar ta bi ƙasa da hannun yara da abinci. Kuma ruwan wancan yankin Gulbin Zamfara yake bi, wanda ba ya ratsa birnin Sakkwato, sai can cikin jihar Kebbi yake haɗuwa da babban gulbi. Amma ana haƙar zinariya a Maru ma, kuma Gulbin Sakkwato ta wannan shiyyar yake biyowa kafin ya shiga Bakolori ya iso mu. Masu wanke zinariya da zaiba suke kama ta, sannan su ƙone zaibar ta tashi. A ƙarshen 2024 gwamnatin tarayya ta ɗage haramcin haƙar ma'adinai da ta sa wa Zamfara tun 2019. A watan Afrilun shekarar 2024 ɗin kuma hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, NCDC, ta sanar da wata cuta ta kumburin ciki a ƙaramar hukumar Isa, mutum 164 a lokacin, yawancinsu yara, kuma gwajin farko ya nuna dalma da kuromiyam a jinin waɗanda aka fara dubawa. Wannan kaɗai ya isa dalilin da za a riƙa auna laka da hantar kifin Rima a kai a kai, damina da rani, a kuma faɗa wa jama'a sakamakon da Hausa. Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a bakin wannan fadamar take, tana kuma da sashen nazarin kifi.

Inda kowa ya tsaya

Manomi zai ce maka in bai yi feshi ba ba zai girbe komai ba, kuma wanda ya ga yadda tsutsar tumatir ta share gonaki a 2016 ba zai ƙaryata shi ba. Mai haƙar zinariya zai ce yunwa ta fi dalma saurin kisa. Hukuma za ta nuna takardar haramci. Likitan yara kuma zai roƙe ka kada ka tsorata mata su daina ba yara kifi, domin tamowa ce ke cika masa gadaje. Duk cikinsu wanda hujjarsa ta fi rauni shi ne mai yayyafa wa abinci fiya-fiya, don shi yana da mafita: busarwa sosai kafin a ɗura, sake shanyawa ko kyafewa lokaci-lokaci, gishiri, da ajiya a mazubin da iska ba ta shiga, kamar buhunan nan masu leda biyu a ciki da aka kawo don wake. Sun fi kwalbar magani tsada da wahala, shi ne kawai.

Abin da mai cefane zai iya

A sayi jatan lande ɗai-ɗai da siffarsa, a daka a gida. Garin da aka riga aka niƙa ba a san me ke ciki ba, kuma yawanci kawuna da ɓawo sun fi yawa. A shinshina: warin kananzir ko na maganin sauro, ko wani ɗaci da ke kama maƙogwaro, dalili ne na a bar shi. Maganar cewa kifin da ƙuda ke gudu abin zargi ne tana da ƙamshin gaskiya, amma saukar ƙuda ba shaidar tsarki ba ce. A ɗauraye da ruwan ɗumi, a baza a rana ya sake bushewa, sannan a daka. Manyan da ake ci ɗai-ɗai, a cire musu kai idan yara ƙanana ko mai ciki za su ci. Banda ma a jiƙa ta a ruwan zafi a zubar da ruwan farko. Duk wannan maganin da ke bisa fata yake ragewa, ƙarfen da ke cikin nama yana nan.

Idan kuwa bayan cin abinci mutum biyu ko uku a gida suka kama amai da gudawa tare da dalalar yawu, gumi, hawaye, ƙwayar ido ta tsuke, numfashi na ƙara, wannan ba ta manja ko madara ba ce, kuma kada a sa yatsa a maƙogwaro don a jawo amai. A nufi asibiti nan take, domin akwai allurar da ke karya irin wannan guba idan an zo da wuri. A tafi da ragowar abincin, da kwalbar maganin in akwai ta a gidan.